Ranar da Aka Matsar da Injin Yaya

Yayana mutum ne da bai iya cewa "ya isa haka" ba. Tun muna yara, in aka sa shi gyaran ƙafar kujera, sai a ci abinci a wanke kwanuka yana nan yana kankare katako. Da ya girma ya koyi sassaƙa ƙarfe, sai halin ya samu wurin zama. Aikinsa shi ne, in wani ƙarfe ya karye a cikin famfo ko injin niƙa ko tsohuwar mota, aka zaga kasuwa ba a samu irinsa ba, sai a naɗo gutsattsarin a tsumma a kawo masa. Ya jujjuya su a tafin hannu, ya auna, ya ɗauko dunƙulen ƙarfe ya feƙe sabo. Mai kaya ya ce ai ya yi, shi ya ce saura silin gashi. Daga nan 'yan layin masu gyara suka laƙaba masa Sili, har matarsa in ya ɓata mata rai haka take kiransa. Ni dai Yaya nake cewa, shi kuma ya ce min Auta, ko da yake yanzu furfura ta fito min kuma 'ya'yan mutane nake koyarwa a firamare.

Shagonsa ɗaki ne dogo mai rufin kwano, shagon mai walda a damansa, na mai gyaran famfo a hagunsa. Daɓen ya yi baƙi ƙirin da mai. Akwai benci ɗaya na baƙi, da rediyo a rataye a ƙusa, da tsohon injinsa na hannu, wanda ake juya ƙafafunsa da yatsu a hankali a hankali har ƙarfe ya ɗauki siffa. Duk layin sun san juna ciki da waje. Kowa in zai fita yakan bar makullinsa wajen maƙwabci, in kuma abu mai nauyi ya zo, ba a neman 'yan dako, kowa ajiye aikinsa yake ya zo a kama.

Ya haura hamsin lokacin da hannunsa na dama ya fara rawa. Ni na fara lura, muna shan shayi na ji cokali yana ta buga kofi. Ya ce gajiya ce. Na ce gajiya ba ta zaɓar hannu ɗaya, na tasa shi gaba sai asibiti. Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ciwo ne da ba ya komawa baya, magani yana rage masa gudu ne kawai. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Yaya ya ce, "Auta, injin hannu ba ya yafe wa mai rawar hannu."

A wannan shekarar wata masana'anta ta rufe, aka sa kayanta a kasuwa. Cikin kayan akwai inji mai kwamfuta, girmansa ya kai ƙaramin kiyos, da ƙofar gilashi da allo da madannai. Kai dai ka ɗaure masa ƙarfe, ka rubuta masa awon, ka rufe ƙofa, shi zai yanka. Yaya ya sayar da filin da ya gada ya saye shi. Na yi faɗa kamar zan ari baki, bai ko kalle ni ba. Wakilin kamfanin da ya ƙera injin ya zo da kansa ya daidaita shi, ya ɗauki hotonsa da na shagon, ya danna wasu lambobi, injin ya tashi. Da zai tafi ya ce kada a ɗaga shi daga nan sai an sanar da su. Yaya ya yi dariya ya ce wa zai ɗaga wannan dutsen. Ya ɗauka maganar daidaiton daɓe ce, bai ga dalilin gaya wa kowa ba.

Da girmansa ya zauna ya koyi kwamfuta. Ni nake karanta masa littafin injin ina fassarawa, shi yana dannawa da yatsan hagu, yana min gardama a kan abin da ni nake karantawa shi bai iya ba. Amma ya iya. Shekarun da suka biyo baya ban taɓa ganinsa cikin walwala irin ta lokacin ba. Ya kan tsaya a bakin gilashin, hannun dama a aljihu, yana kallon wuƙar injin tana bin ƙarfe ba tare da ko ɗan girgiza ba, ya ce, "Kin gani? Allah ya karɓi ɗaya ya ba ni wanda ya fi shi."

Abin ya faru ne da damina, ranar da na raka shi ganin likita. Muna layin karɓar magani aka tsuge da ruwa da iska. Iskar ta ɗage kwano ɗaya daga rufin shagon, daidai saman akwatin wutar injin. Mai walda ya ji ƙarar, ya ɗauko makullin da aka bar masa, ya buɗe ya ga ruwa na zuba a kan abin da ya san duk rayuwar Sili ce. Ya ƙwala kira, layi ya taru. Mutane ne da kullum ƙarfi ke fitar da su, don haka ba wanda tamfol ya zo masa a rai. Suka kashe wuta, suka sa jak suka ɗaga, suka jera fayif-fayif a ƙasa, suka gangara injin zuwa lungun da ruwa bai kai ba. Har goge shi suka yi. Da muka iso muka tarar da su a jiƙe sharkaf, suna haki suna murmushi, suna jiran godiya. Yaya ya gode musu ɗaya bayan ɗaya, kuma har zuciyarsa ya gode.

Washegari da safe ya kunna. Fanka ta tashi, allo ya kawo haske, sai wani jan rubutu ya fito ya tsaya. Ya danna nan ya danna can, ko gezau. Ya aika aka kira ni daga makaranta. Na karanta sau biyu kafin na fassara masa, don ban yarda da idona ba. Injin yana cewa ya ji an matsar da shi, ya kulle kansa, a nemi kamfani.

"Ya ji?" in ji mai famfo. "To wa ya gaya masa?"

Mai walda ya ce ai abu mai sauƙi ne, a mayar da shi inda yake. Aka sake ɗauko jak da fayif. Shatin ƙafafun injin na nan a daɓe inda mai bai taɓa ba, aka sauke shi a kai daidai, Yaya na durƙushe yana cewa a ɗan ƙara dama. Aka kunna. Jan rubutun ya fito yadda yake.

Na kira wakilin kamfani a waya, na buɗe murya kowa ya ji. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ja numfashi.

"Hajiya, akwai wani ɗan abu a cikin injin da ke jin motsi. An sa shi ne don kada a sayar wa mai gyaran famfo a nan, gobe a wayi gari yana wata ƙasa yana yanka kayan makamai masu linzami."

"To ba wata ƙasa ya je ba. Daga nan zuwa can ne, a cikin ɗaki ɗaya. Ka zo ka danna lambobin nan naka kamar wancan karon."

"Wancan karon ina da iko. Yanzu ba ni da shi. An tsinci ɓaraguzan wasu makamai a wani yaƙi, aka gano irin wannan injin ne ya yanka sassansu. Ƙasashen da ke ƙera injinan suka zauna suka ɗaure doka. Yanzu kamfani ba zai ba ni lambar ba sai gwamnatin ƙasarsu ta ba da izini, ita kuma ba za ta bayar ba sai gwamnatinmu ta tsaya mata a kan inda injin yake da abin da yake yi."

"To ta tsaya mana."

"Ana kan tattauna yadda za a riƙa tsayawar."

Na kashe waya. Mai walda ya sulale ya fita.

Na ɗauki hutu a makaranta muka nufi ma'aikata. Bayan an yi ta jeka-ka-dawo da mu daga wannan bene zuwa wancan, aka kai mu wajen wata jami'a, sa'ata ce, gilashinta a kan goshi, takalmanta a cire a ƙarƙashin tebur. Na shiga da shirin faɗa. Na zazzage mata komai, na ce yayana ko ɓera bai taɓa kashewa ba, na ce su je su kama masu makaman su bar mai sassaƙa ƙarfe ya ci abinci. Ta bar ni na gama, ta tura min ruwa.

"Duk abin da kika faɗa gaskiya ne," ta ce. "Ni ina cikin waɗanda ake turawa zaman tattaunawar. Muna so mu shiga yarjejeniyar ƙasashen da ke ƙera injinan, don in ba mu shiga ba, wata rana ko injin asibiti ba za a sayar mana ba. Amma sai mun gyara dokarmu, sai sun zo sun duba, sai kowace ƙasa a teburin ta ce ta yarda. Ɗaya in ta ce tana nazari, an tashi ke nan sai wani zaman."

"Yaushe ne wani zaman?"

"Bayan damina, in ba a ɗage ba."

Yaya ya gyara zama. "Ranki ya daɗe, me ake yankawa da shi ɗin?"

Ta juyo da allon kwamfutarta, ta nuna masa hoton wani ƙarfe mai kama da mazurari, a ƙone ta gefe ɗaya. Ta ce a gindin makami yake zama, an ciro shi daga ɓaraguzan wani gidan bene. Yaya ya matso da fuska ya daɗe yana kallo.

"Zai iya," ya ce. "Injina zai yanka wannan, har ya fi shi kyau."

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Bai kula ni ba. Ya koma ya jingina ya ce, "Ni ma da ni na ƙera shi, da na sa masa makulli."

Wannan maganar ta fi komai ƙona min rai, kuma har yau tana ƙona min. Na zo da faɗana cike da ciki, na rasa wanda zan juye wa. Mai walda alheri ya yi niyya. Wakili aikinsa yake. Matar nan ta fi ni gajiya. Ga wanda aka cuta yana cewa an yi daidai. Muka sauko bene, na riƙe masa gwiwar hannu, na yi ta yi wa direban tasi masifa a kan hanyar da ya bi.

Daga nan sai jira. Yaya, wanda da in aka fara labaran duniya yake murɗa rediyo zuwa waƙa, ya zama masanin harkar jakadu. Ya san wace ƙasa ce ke jan ƙafa, ya san an ɗage zama saboda zaɓe a wata, ya san an zauna an tashi ba a cimma komai ba saboda biyu daga ciki sun ɓata a kan wata magana da ba ta shafi inji ba. 'Yan layi in sun wuce sai su ce, "Sili, jakadunka sun tashi lafiya?" Ya ce, "Suna gaishe ka." Kullum da safe yana buɗe shago, ya kunna injin ya yi ɗumi, ya zuba masa mai, ya goge gilashi, ya zauna a benci. Mai walda ya canja masa rufin gaba ɗaya, kullum kuma sai ya aiko masa da shayi, amma ya daina shigowa. Yaya ya je har shagonsa ya ce ya bar wannan, ba komai. Ya ce to, bai kuma dawo ba.

Masu kawo aiki ba su daina leƙowa ba. Su buɗe tsumma su nuna masa, ya kalla daga inda yake zaune, ya gaya musu wanda za su kai wa a ƙetaren gari. Su tafi suna cewa Allah ya buɗe injin nan, don ba mai aiki irin na Sili. Abin da ba su sani ba, mu na gida mun sani. Rawar ta tsallaka hannun hagu. Matarsa ta cire maɓallan rigunansa ta mayar da su masu zif, daga baya zif ɗin ma ita ke ja masa. A layi kullum hannayensa na harɗe a ƙirji, a cuse a hammata, mutane suna ɗauka zaman manya ne. Ni kuwa duk sanda na ji an ce an ɗage zama, hannayen nan nake kallo.

Cikin damina ta biyu wani mutum ya zo, mai fara'a, mai tsabtar takalmi. Ina nan ranar. Ya ce ya ji labarin injin, yana da wanda zai buɗe shi a yini ɗaya, ba kamfani ba gwamnati. Ba ya son komai, sai dai in an buɗe a yanka masa wasu 'yan kaya lokaci-lokaci. Ya zaro zane ya shimfiɗa a benci, don Yaya bai miƙa hannu ba. Yaya ya sunkuya ya duba.

"Na mene ne?"

"Na injin ban ruwa."

"Injin ban ruwa ba ya son irin wannan ƙarfen. Naɗe abinka, Alhaji."

Mutumin ya naɗe, ya yi sallama cikin ladabi ya tafi. Ni kuwa na tashi tsaye. Na ce, Yaya, kai ne ɗan sandan duniya? Waɗanda suka kulle maka inji suna can suna shan shayi a manyan otal, ko sunanka ba su sani ba. In kai ba ka yanka masa ba wani zai yanka. Ka bari a buɗe, ka yi aikinka na shekara ɗaya ko biyu da suka rage maka. Ban taɓa ambata masa shekarun da suka rage ba sai ranar. Ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "Auta, gidan benen nan da matar nan ta ce, akwai mutane a ciki." Na ɗauki jakata na fita. Ban ce ya yi kuskure ba, amma ban ce na huce ba.

An sa hannu a yarjejeniyar daga baya. A rediyo muka ji, an ce jakadu sun yi musabaha, an ce babban ci gaba ne, kuma na yarda ci gaba ne. Jami'ar nan da kanta ta kira ni, cike da murna, ta ce takardun Yaya na cikin na farko da ta tura. Duk da haka sai da aka ƙara wasu watanni. Sannan wata safiya wakilin kamfani ya iso da jakarsa.

Kafin ya gama fakin layi ya cika. Mai injin niƙa ya zo da tsummansa, wani bakanike ya zo da nasa, har mai walda ya fito ya tsaya daga nesa. Yaya ya ce in rufe ƙofa, kada hayaniya ta dami baƙo. Muka rage mu uku. Wakilin ya duba lambar jikin injin, ya ɗauki hoto, ya yi waya, aka karanto masa lambobi yana dannawa. Jan rubutun ya ɓace. Allo ya koma yadda na san shi.

"Bismillah, Malam," ya ce, ya ja da baya. "Gwada mu gani."

Yaya ya tashi. Ya zaro hannayensa daga hammata. Ya ɗauki wani ɗan dunƙulen ƙarfe da ya daɗe da ajiyewa don wannan ranar, ya kai shi bakin maɗaurin injin, ƙarfen ya yi ta buga gefe yana ƙara, ya suɓuce ya faɗi ciki. Na ɗauko na riƙe masa, na ɗaure yadda ya ce. Ya koma wajen allo zai rubuta awo. Ya nufi bakwai, yatsan ya danna takwas da tara. Ya goge. Ya kama wuyan hannun hagu da na dama don ya tsayar da shi, biyun suka yi ta rawa tare. Ya sake gwadawa, ya sake gogewa. Na ce, Yaya, faɗa min lambobin in danna maka. Ya girgiza kai. Ni ma na san ba lambobi ne kaɗai ba, akwai aunawa, akwai sa wuƙa, akwai taɓa ƙarfe a ji, kuma ban iya ko ɗaya ba.

Wakilin ya sunkuyar da kai yana ta gyara zif ɗin jakarsa. Daga waje ana jin muryoyi, wani yana dariya.

Yaya ya koma benci ya zauna. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, a hankali, "Ɗana, ba za ka iya mayar da jan rubutun nan ba?"

Wakilin ya ɗago. "Malam?"

"Da yana nan, kowa cewa yake injin ne."

Wakilin ya girgiza kai. Ya ce buɗewa kawai aka ba shi iko, kullewa ba ta hannunsa. Ya ba da haƙuri kamar shi ya yi laifin. Yaya ya ce ba komai, Allah ya yi albarka, a gaida manya.

Ni na raka baƙon. Na buɗe ƙofa kaɗan muka fita, na ja ta a bayana. Ya ratsa mutane ya shiga motarsa bai kalli kowa ba. Suka yo kaina da tsummokaransu a hannu. Mai walda ne ya matso, karo na farko a tsawon lokacin nan, hularsa a hannu, ya ce, "Malama, ya buɗe?"

Na ce, "Sun ce a ƙara jira."